Shin Ko Kun San? Kalmar Turancin Da Ta Halaka Kumbo, Ta Kama Ɗan Leƙen Asiri, Ta Tono Sabuwar Duniya

Shin ko kun san akwai wata kalmar Turanci mai haruffa 11 da in ta fito a takardar banki sai gaban mutum ya faɗi? Ita ce discrepancy. Ma'anarta saɓani tsakanin bayanai biyu da ya kamata bakinsu ya zo ɗaya. Rasit ya ce dubu goma, littafin shago ya ce dubu tara. Katin ɗan ƙasa ya ce an haife ka a 1998, takardar makaranta ta ce 1999. To, wannan dubu ɗayar da wannan shekara ɗayar su ake nufi.

Ku lura da kyau, ba kowane bambanci ne ake kira haka ba. Farashin buhun masara a Dawanau ya bambanta da na Legas, wannan ba abin mamaki ba ne, kasuwa ce. Amma direba ya taso da buhu 300 a rubuce, ya sauke 296? Nan ne Bature zai gyara zama ya ce akwai discrepancy. Sharaɗinta ke nan: sai an sa ran abu biyu su yi daidai, suka ƙi.

Kun san daga ina ta samo asali? Daga Latin, kuma asalinta ƙara ce! A harshen Rumawa discrepare na nufin sauti ya fita daban da na 'yan uwansa, kamar a ce makaɗa suna kiɗa ɗaya, ganga guda ta kauce. Turawa sun fi shekara 400 suna amfani da ita. Yau ta bar hannun makaɗa, ta koma hannun akanta da lauya da ɗan sanda da likita.

Ga wani abin kuma. Kalma ce mai kunya! Mai binciken kuɗi ba ya fitowa fili ya ce an yi sata. Sai ya rubuta cewa ya ga discrepancies a asusu, wato jam'inta ke nan. Bai zargi kowa ba, bai kuma wanke kowa ba. Wataƙila kuskuren alƙalami ne, wataƙila hannun ɓera ne. Shi ya sa take yawo a rahoton gwamnati da shari'ar zaɓe. In an haɗa abu biyu sai a bi ta da between, in cikin abu ɗaya ne sai a ce in. Shi ke nan, kun iya!

Yanzu ku gyara zama ku ji irin ɓarnar da ta yi a duniya.

Shin ko kun san Amurka ta taɓa asarar kumbo sukutum saboda ma'auni? A ranar 23 ga Satumba, 1999, kumbon Mars Climate Orbiter ya isa duniyar Mars bayan tafiyar wata tara. Kamfanin da ya ƙera shi yana aiko lissafin ƙarfin injin da ma'aunin fam. Injiniyoyin NASA kuwa suna karanta lambobin a matsayin ma'aunin mita da kilo. Tsakanin biyun akwai ninki kusan huɗu da rabi! An so kumbon ya wuce a nisan kilomita 226 daga doron Mars, sai ya sauko har kusan kilomita 57. Tun daga ranar ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Dala miliyan 125 ta bi iska. Abin takaicin? Masu lura da hanyarsa sun ga lambobin ba sa haɗuwa tun yana tafe, amma ba a bi maganar har ƙarshe ba.

Wannan kumbo ne, ba kowa a ciki. Na gaba akwai rai 69!

Ranar 23 ga Yuli, 1983, wani jirgin Air Canada ƙirar Boeing 767 ya nufi birnin Edmonton na Kanada. Yana buƙatar mai kilo 22,300. Aka yi lissafi, aka samu 22,300 cif, kowa ya gamsu. Ashe fam ne ba kilo ba! Wato man bai kai rabin abin da ake buƙata ba. Jirgi na tsakiyar sama, ƙafa 41,000, injin farko ya mutu, na biyu ya bi shi. Tsit! Allah Ya sa matuƙin, Bob Pearson, gwani ne a tuƙa jirage marasa inji. Ya lallaɓa da shi har wani tsohon filin sojan sama a garin Gimli. Ku ji ƙarin abin mamaki: an riga an mayar da filin wurin tseren motoci, kuma a ranar akwai mutane a kai. Jirgi ya sauka, hancinsa yana jan ƙasa. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Kun taɓa jin gadar da ta ƙi haɗuwa? A garin Laufenburg, kogin Rhine ne ya raba Jamus da Suwizalan. Aka fara gada, kowace ƙasa na tahowa daga nata ɓangaren. Jamusawa suna auna tsawo daga bakin tekun arewa, 'yan Suwizalan kuma daga Bahar Rum. Tazarar ma'aunin biyu santimita 27 ce, kuma injiniyoyin sun san da ita sarai. Sai wajen gyara, inda ya kamata a ɗebe aka ƙara. A 2003 aka farga gefe ɗaya ya ɗara ɗaya da santimita 54! Sai da aka gyara kafin a buɗe ta a 2004.

Ga ta ruwa. A ranar 10 ga Agusta, 1628, ƙasaitaccen jirgin yaƙin Suwidin mai suna Vasa ya bar tashar Stockholm, jama'a sun cika bakin ruwa suna kallo. Bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba iska ta kwantar da shi ya nutse. Nauyi ya yi masa yawa a sama. Shekara 333 yana ƙarƙashin ruwa, sai a 1961 aka ciro shi. Me aka tarar? Rulolin kafintoci iri biyu! Wasu ƙafarsu inci 12 irin ta Suwidin, wasu inci 11 irin ta Amsterdam. Kuma da aka auna jirgin, gefe ɗaya ya fi ɗaya nauyi.

Shi kansa Christopher Columbus saɓanin ma'auni ne ya ba shi ƙarfin gwiwa. Ya ɗauki lissafin girman duniya na masanin taurarin nan Musulmi, Al-Farghani, wanda ya rayu a zamanin Abbasiyawa. Malamin da mil ɗin Larabawa ya yi lissafinsa, shi kuwa Columbus ya ɗauka gajeren mil ɗin Rumawa ne. Da wannan da wasu kurakuran, sai ya ƙiyasta daga tsibiran Kanari zuwa Japan kusan kilomita 4,400 ne. Gaskiyar magana? Sun haura 19,000! Ba don ya ci karo da nahiyar Amurka a 1492 ba, da yunwa da ƙishirwa sun gama da su a teku.

To, kada ku ɗauka kullum sharri take kawowa. Ruwa ba ya tsami banza, kuma waɗanda suka tsaya suka tambayi dalilin tsamin sun tono abubuwan da suka girgiza duniya.

Shin ko kun san senti 75 ya kama ɗan leƙen asiri? Senti 75, ko dala ɗaya bai cika ba! A 1986, a wani ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya, aka ga kuɗin amfani da kwamfuta bai daidaita ba da wannan 'yar tazarar. Aka ce wani masanin taurari mai suna Clifford Stoll ya duba. Da wani ne, da ya cike daga aljihunsa ya huta. Shi kuwa ya ƙi. Ya gano wani baƙo ne ya ci daƙiƙa tara na lokacin kwamfuta ba tare da an san asusun da za a caja ba. Ya bi sawu wata kusan goma, har yana kwana a ofis. Sawun ya ƙare a birnin Hanover na Jamus ta Yamma, a ɗakin wani matashi, Markus Hess, wanda ke kutsawa cikin kwamfutocin sojan Amurka yana sayar da abin da ya samo ga hukumar leƙen asirin Tarayyar Sobiyet, KGB. A 1990 kotu ta same shi da laifi.

Kun san an gano duniyar Neptune a kan takarda kafin ido ya gan ta? Masana sun lura duniyar Uranus ba ta zuwa inda lissafi ya ce za ta zo. Wani lokaci ta yi gaba, wani lokaci ta yi baya. Wani Bafaranshe, Urbain Le Verrier, ya ce lallai akwai wata ɓoyayyiyar duniya da ke jan ta. Ya yi lissafi, ya aika wasiƙa Berlin cewa a duba wuri kaza. Wasiƙa ta isa ranar 23 ga Satumba, 1846. A daren nan Johann Galle ya saita madubin hangen nesa, sai ga ta! Kuskuren bai kai digiri ɗaya ba.

Ku tsaya, labarin bai ƙare ba. Le Verrier ya sake ganin wani saɓanin a tafiyar duniyar Mercury. Ƙanƙani ne ainun. Ku raba digiri ɗaya gida 3,600, ku ɗauki 43, a cikin shekara ɗari! Ya ce to, nan ma wata duniyar ce, har aka raɗa mata suna Vulcan. Aka yi ta nema shekara da shekaru, babu ita babu dalilinta. Sai a 1915 Albert Einstein ya zo da sabon bayani kan yadda rana ke lanƙwasa sararin da ke kewaye da ita, lissafinsa ya fitar da 43 ɗin nan daidai. Saɓani iri ɗaya, na farko ya haifi duniya, na biyu ya sauya ilimin kimiyya.

Iskar da kuke shaƙa yanzu haka fa? Akwai wani sinadari a cikinta da ba wanda ya san da shi kafin 1894. Lord Rayleigh na Ingila ya auna iskar naitirojin da ya tace daga sarari, ya auna wadda ya haɗa a ɗakin gwaji. Ta sarari ta fi nauyi da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Ya sake, ya sake, tazarar tana nan daram. Shi da William Ramsay suka bi diddigi, suka fito da sabuwar iska mai suna agon, wadda ta kusa kashi ɗaya cikin ɗari na duk iskar duniya. Sunan daga Girkanci ne, ma'anarsa malalaciya, don ba ta haɗuwa da komai. A 1904 kowannensu ya karɓi kyautar Nobel.

Lokaci ma bai tsira ba!

A 1522, sauran mutanen Ferdinand Magellan da suka fara kewaye duniya a jirgin ruwa suka yada zango a tsibiran Kef Bade, nan yammacin Afirka. Littafinsu ya ce Laraba. Mutanen gari suka ce Alhamis. Marubucin jirgin, Antonio Pigafetta, bai tsallake rubutun rana ko ɗaya ba tsawon shekara uku. To ina rana guda ta shiga? Tafiya yamma ce ta cinye ta kaɗan-kaɗan. Saboda irin wannan aka shata layin sauya kwanan wata a tekun Fasifik. Kuma a 2011 ƙasar Samowa ta tsallaka layin: aka kwanta Alhamis 29 ga Disamba, aka tashi Asabar 31. Juma'ar nan ba a yi ta ba sam!

Ingila ta fi haka. A 1752 mutane suka kwanta ranar 2 ga Satumba, suka wayi gari 14 ga wata. Kwana 11 sun ɓace, don a daidaita kalandarsu da ta maƙwabta. Rasha kuwa ta yi jinkiri har 1918, shi ya sa juyin juya halin da ake kira na Oktoba ake bikinsa ranar 7 ga Nuwamba. Habasha fa? Watanninta 13 ne, kuma sai a Satumbar 2007 ta yi bikin shiga shekara ta 2000.

Ku ma kuna da shekaru biyu, kun sani? Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11. Duk shekara 33 sai ta ba da ratar kusan shekara guda. Dattijon da fasfo ya ce shekararsa 64, a lissafin wata ya kai 66. Duka biyun gaskiya ne!

Dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya ma an yi jayayya a kansa. Nefal ta ce Everest mita 8,848 ne. Sin ta auna a 2005 ta ce 8,844.43. Ina kusan mita huɗu suka tafi? Ƙanƙara! Nefal ta haɗa da ƙanƙarar da ke kansa, Sin ta tsaya a dutse tsura. Sai a Disambar 2020 suka haɗa baki suka sanar da 8,848.86. An kuma ruwaito cewa a 1856 lissafin farko ya ba da ƙafa 29,000 cif, sai aka sanar da 29,002, don kada mutane su ce cinta aka yi.

Wani saɓanin ma yana aljihunku. Kun sayi ma'ajiyar kwamfuta an rubuta 1TB, kun jona, ta nuna 931GB. Kada ku koma ku kama wuyan mai shago! Kamfani yana ƙirga dubu a matsayin 1,000, kwamfutar kuma 1,024 take ƙirgawa. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Ingila lita 4.5. In Ba'amurke ya rubuta 3/4, 4 ga Maris yake nufi, Baturen Ingila kuwa 3 ga Afrilu. Biliyan ɗin Turanci miliyan dubu ne, amma a Faransanci wannan adadin miliyar ne, biliyan ɗinsu miliyan sau miliyan ne. Ɗan Kano da ya shiga kasuwar Maraɗi ma ya yi hattara: in an ce masa ɗari, dala ɗari ake nufi, wato sefa 500!

Ga sirrin akantoci kyauta. In lissafinku ya ƙi haɗuwa, ku raba tazarar da tara. In ta rabu ba saura, akwai yiwuwar lambobi biyu kuka juya. An rubuta 54 a maimakon 45, tazara 9. An rubuta 720 a maimakon 270, tazara 450, tara sau hamsin. An rubuta 81 a maimakon 18, tazara 63. Ku gwada da kowace lamba, ba ta kuskure!

Manyan 'yan kasuwa masu shigo da kaya sun san zafin kalmar nan. A ciniki tsakanin ƙasashe, banki ba ya ganin kaya, takarda yake gani. In sunan da ke takardar jirgi ya saɓa wa na takardar lamunin banki, ana iya riƙe kuɗin, har a caji mai kaya ladan saɓani. Lokacin da Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya ke sabunta ƙa'idojinta da suka fara aiki a 2007, ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na irin waɗannan takardu ana mayar da su a karon farko. Bakwai cikin goma!

Malaman Musulunci kuwa sun daɗe da mayar da wannan fanni guda na ilimi. In hadisai biyu suka zo kamar suna karo da juna, akwai matakan bi: a gwada haɗa su, a duba wanne ya riga wanne, a auna ƙarfin masu ruwaya. Imam Shafi'i ya yi littafi a kai, haka ma Ibn Ƙutaiba, wanda ya rasu a shekara ta 276 bayan Hijira. Fiye da shekara dubu ke nan!

A Nijeriya fa? Ƙidayar jama'a ce uwar saɓani. Ta 1962 an soke ta. Ta 1973 ma gwamnatin Murtala ta soke ta a 1975. A 1991 ana ta hasashen mutanen ƙasar sun haura miliyan 100, sai ƙidaya ta ce miliyan 88.9. A 2006 aka ce Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1. Gwamnatin Legas ta ce atafau, nata lissafin ya haura miliyan 17. Tazarar kusan miliyan takwas a jiha guda!

Amma wadda ta fi cizon talaka ba ta kai miliyan ba, harafi ɗaya ce. Muhammad a katin NIN, Mohammed a BVN, Muh'd a takardar firamare. A'isha nan, Aishatu can. Sunan mahaifi a gaba a wannan takarda, a baya a waccan. A gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san gida ba. Ku leƙa banki da safe ku gani: dattijo riƙe da leda cike da takardu, ma'aikaciya tana juyo masa fuskar kwamfuta tana cewa, “Baba, ka ga nan da O aka rubuta, nan kuma da U.” Shi kuma yana rantsuwa cewa tun ran suna sunansa ke nan. Daga nan sai kotu a yi takardar rantsuwa, sai jarida a buga gyaran suna, sai a dawo a sake bin layi. Tun 2021 ma ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, don haka kuskuren da aka yi wa yaro a wurin ɗaukar hoto yana iya bin sa har ƙofar jami'a.

Hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Don haka, jama'a, yau ɗin nan ku fito da takardunku da na 'ya'yanku, ku jera su, ku karanta suna harafi bayan harafi, ku duba rana da wata da shekarar haihuwa. In kun ga saɓani, ku je a gyara tun ba a matse ba, kada ku bari sai ranar biza ko ranar fansho. Ku kuma faɗa wa maƙwabta su duba nasu.